Darasi a Kan Samun Mahaɗai da Amfani da Kafafen Sada Zumunta Wajen Ɗaga Shafi a Injin Bincike

Amsoshin da mutum ke gani a jere idan ya rubuta tambaya a Google, wanda wasu Hausawa ke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata, ba sa zuwa wurin bisa sa'a, domin akwai tsarin lissafi da ke auna ɗimbin shafuka kafin ya zaɓi waɗanda za su zauna a sama da waɗanda za a tura can baya inda ba kowa ke leƙawa ba. Ƙoƙarin da mai shafi ke yi don nasa ya samu wuri a sama, ba tare da ya biya kuɗin talla ba, shi ake kira inganta shafi domin injin bincike, masu sana'ar kuma sukan taƙaita sunan da haruffa uku, SEO. Aikin ya kasu gida biyu. Akwai abin da mai shafi ke gyarawa a cikin shafinsa, kamar kanun rubutu da tsarin bayani da saurin buɗewa a waya, akwai kuma abin da ke faruwa a wajen shafin, wato yadda sauran mutane ke ambatonsa da nuna hanyar zuwa gare shi. Wannan darasi ya shafi kashi na biyun ne, wanda ya fi wuya saboda ba a hannun mai shafi yake kai tsaye ba.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Gidan yanar gizo shi ne tarin shafukan da ke ƙarƙashin adireshi ɗaya, kamar na jarida ko na jami'a, shafi kuwa shi ne ɗaya daga cikinsu. Mahaɗi, wanda matasa suka fi kira linki, shi ne kalma ko jimla ko hoton da idan aka latsa shi zai kai mutum wani shafi. Idan ya haɗa shafuka biyu na gida ɗaya, mahaɗin cikin gida ke nan, idan kuwa ya taso daga gidan wani ya nufo na mutum, shi ne mahaɗi mai shigowa, kuma a kansa mafi yawan bayanin da ke tafe zai ta'allaƙa.

Yadda mahaɗi ya zama ma'auni

Injinan bincike na farko, irin su Lycos da ya fito a 1994 da AltaVista da ya biyo baya a 1995, sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi wajen yanke hukuncin dacewarsa da tambaya. Ba a daɗe ba masu shafuka suka gano lagon wannan tsari, suka riƙa maimaita kalma ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci ma da farin rubutu a kan farin fili yadda mai karatu ba zai gani ba amma injin zai ƙirga. A 1996 wasu ɗaliban digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani bincike da suka kira BackRub, wanda ya ɗauko tunaninsa daga al'adar malaman jami'a, inda ake gane nauyin maƙala da yawan masanan da suka kafa hujja da ita a rubuce-rubucensu. Suka ce a ɗauki kowane mahaɗi a matsayin irin wannan ambato, a daina gaskata abin da shafi ya faɗa a kan kansa kawai, a duba abin da wasu suka faɗa a kansa. Lissafin da suka gina a kan wannan tunani shi ne PageRank, kuma a kansa aka kafa kamfanin Google a watan Satumba na 1998.

Abin da ya bambanta PageRank da ƙidaya zalla shi ne ba ya ɗaukar mahaɗai a matsayin masu nauyi ɗaya. Mahaɗin da ya fito daga shafin da shi kansa wasu da yawa suka nuna ya fi wanda ya fito daga shafin da babu mai ambatonsa, sannan kowane shafi yana rarraba darajarsa ne tsakanin dukkan mahaɗan da suka fita daga cikinsa, ta yadda shafin da ya nuna wurare 5 zai ba kowannensu kaso mai tsoka fiye da shafi mai daraja irin tasa da ya nuna wurare 100. Page da Brin sun bayyana lissafin da siffar mutumin da ke yawo a intanet yana latsa mahaɗai ba tare da zaɓi ba, wanda a kowane mataki akwai yiwuwar kashi 85 cikin 100 ya ci gaba da latsawa, da kashi 15 cikin 100 ya gaji ya tsallaka wani wuri dabam, darajar shafi kuwa ita ce yawan yiwuwar wannan matafiyi ya tsinci kansa a cikinsa. Wanda ya san zaman kotu zai gane al'amarin nan take, domin mahaɗi shaida ce, alƙali kuma ba yawan shaidu kaɗai yake dubawa ba, yana duba ko su wane ne, da ko sun san abin da suke magana a kai, da ko an biya su kafin su zo. Duk sauye-sauyen da Google ya yi a kan mahaɗai daga wancan lokaci zuwa yau amsa ce ga waɗannan tambayoyi uku.

Akwai kuma kalmomin da aka ɗora mahaɗin a kansu, wato rubutun da mai karatu ke gani kafin ya latsa, waɗanda injin ke ɗauka a matsayin bayanin abin da ke cikin shafin da aka nufa. Ƙarfin wannan ya fito fili a 2003, lokacin da masu adawa da Shugaba George W. Bush suka riƙa ɗora mahaɗi zuwa shafin tarihinsa na fadar White House a kan wasu kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar mummunar gazawa, har ya zama duk wanda ya nemi waɗannan kalmomi shafin shugaban yake gani a farko, alhali babu su a cikinsa ko sau ɗaya. Sai a watan Janairu na 2007 Google ya toshe wannan kafa.

Cinikin mahaɗai da abin da ya haifar

Da zarar an fahimci cewa mahaɗi na ɗaga shafi, shafin da ke sama kuma na kawo ciniki, sai mahaɗin ya zama haja. Wasu suka buɗe ɗaruruwan gidajen yanar gizo marasa amfani don kawai su riƙa nuna juna, wasu suka ƙirƙiri manhajojin da ke zuba mahaɗai a duk inda aka bar wa baƙi filin rubutu. Don rage wannan ɓarna ne Google da Yahoo da Microsoft suka amince a watan Janairu na 2005 da wata alama da ake sakawa a cikin rubutun ginin shafi, mai suna nofollow, wadda ke sanar da injin cewa mai shafi bai tsaya wa wannan mahaɗi ba, don haka kada a ba shi nauyi. Wikipedia ta Turanci ta sanya wannan alama a kan mahaɗanta masu fita waje a 2007, abin da ya sa cusa adireshi a maƙalolinta ba ya ɗaga shafi, sai dai ya jawo wa mai yi fushin editoci.

Misalin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na J.C. Penney, wani babban kamfanin kantuna a Amurka. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa tsawon watanni, har da lokacin cinikin ƙarshen shekara, kamfanin ne ke fitowa na ɗaya a Google idan aka nemi rigunan mata ko kayan shimfiɗa ko dardumomi ko kayan ɗaki, har a kan wasu kayayyaki yana shiga gaban kamfanonin da suka ƙera su. Da aka bi sawu, sai aka tarar da dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da tufafi, ciki har da na harkar injiniyan nukiliya da na dillancin gidaje a Bulgeriya, dukkansu ɗauke da ainihin kalmomin da ake son a ci da su. Kamfanin ya ce bai ba da izinin yin hakan ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa aikin, amma hakan bai hana Google ɗaukar mataki ba, inda cikin sa'o'i kaɗan shafin J.C. Penney na kayan falo ya faɗo daga na 1 zuwa na 68, hukuncin kuma ya ɗauki kimanin kwana 90. Abin lura a nan shi ne injin ba ya tambayar wanda ya ba da umarni, shafin da ya amfana shi ke ɗaukar hukunci, saboda haka duk wanda zai ba wani kwangilar ɗaga masa shafi wajibi ne ya san daga ina mahaɗan za su fito. Google bai ƙyale kansa ba ma, domin a watan Janairu na 2012 ya sauke shafin manhajarsa ta Chrome na tsawon kwana 60 bayan an gano mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa a cikin wani kamfe na tallata ta.

A ranar 24 ga Afrilu, 2012 Google ya fito da wani sabon tsari mai suna Penguin, wanda aikinsa shi ne gano gidajen da mahaɗansu ba su yi kama da na gaskiya ba, ya kuma ce sauyin ya taɓa kimanin kashi 3 cikin 100 na tambayoyin da ake yi da Turanci. Gidaje da yawa da suka rayu a kan mahaɗan saye suka ɓace daga shafin farko dare ɗaya. A watan Oktoba na wannan shekara aka samar da hanyar da mai shafi zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta da su, a 2016 kuma aka shigar da Penguin cikin babban tsarin lissafin, inda ya koma yin watsi da mahaɗan banza a maimakon hukunta gida gaba ɗaya. A watan Satumba na 2019 aka ƙara alamomi biyu, sponsored don mahaɗin talla da ugc don wanda baƙi suka rubuta. Ma'anar wannan ita ce biyan kuɗi don a tallata mutum ba laifi ba ne a ƙa'idar Google, laifin shi ne ɓoye cewa an biya don injin ya ɗauka shaida ce ta kyauta. Har yanzu akwai masu tallata mahaɗai dubu a kan kuɗi kaɗan, kuma mafi kyawun abin da zai iya samun mai saye shi ne injin ya yi biris da su, kuɗinsa su tafi a banza.

Hanyoyin da ke ɗorewa

Mutane ba sa nuna shafi sai yana da abin da suke buƙata wanda ba su da shi, kuma daga nan duk wani aikin samun mahaɗai na gaskiya yake farawa. A ɗauka wata ƙungiyar manoma ta buɗe gidan yanar gizo, ta riƙa wallafa farashin masara da gero da wake da waken suya a kasuwar Dawanau ta Kano kowane mako, da kwanan wata da ma'aunin da aka yi amfani da shi, ba tare da fashi ba. Ɗan jaridar da ke rubuta labarin tsadar abinci yana buƙatar waɗannan alƙaluma, haka ɗalibin tattalin arziki da ma'aikacin ƙungiyar agaji, kuma kowannensu idan ya yi amfani da su akwai kyakkyawan zaton ya nuna inda ya samo. Bayan shekara guda ƙungiyar ta mallaki abin da ba a iya kwafa dare ɗaya, wato tarihin farashi na makonni 52. Mahaɗi guda daga jarida irin Aminiya ko Daily Trust, ko daga shafin wani sashe na jami'a mai adireshin da ya ƙare da edu.ng, ya fi ɗaruruwan da aka tara daga wuraren da babu mai karantawa, saboda ya cika sharuɗɗan nan uku: mai bayarwa sananne ne, batun ya shafe shi, kuma ba a biya shi ba.

Samar da abu mai amfani bai wadatar ba sai an sanar da waɗanda za su amfana. Wasiƙa gajera zuwa ga editan da ke kula da labaran noma, wadda ta faɗi abin da aka tattara da yadda aka tattara shi, ta fi saƙo ɗaya da aka aika wa mutum ɗari. Akwai kuma mahaɗan da suka riga suka halatta ga mutum amma bai nema ba, kamar na ƙungiyar sana'ar da yake ciki, da na kamfanin da yake dillancin kayansa, da na makarantar da ya tallafa wa taronta, da na jaridar da ta ambaci sunan kasuwancinsa ba tare da ta sa adireshi ba. Wata dabarar ita ce neman matattun mahaɗai, wato waɗanda ke kai mutum shafin da aka riga aka goge, a sanar da mai gidan, a kuma nuna masa wani shafi mai rai da zai maye gurbin. Musayar mahaɗi tsakanin gidaje biyu masu alaƙa ta gaskiya ba ta da aibu, amma idan ta zama tsarin nuna ni in nuna ka da duk wanda aka samu, ta shiga cikin abin da Google ya haramta a ƙa'idojinsa. Mahaɗan cikin gida kuwa, da yake suna hannun mai shafi, bai kamata a yi sakaci da su ba, domin ta hanyarsu darajar da shafi ɗaya ya samo daga waje ke isa ga sauran.

Mai rubutu da Hausa yana da wata dama da mai rubutu da Turanci ba shi da ita, domin batutuwa da yawa na lafiya da noma da shari'a da sana'a ba su da cikakken bayani da Hausa a intanet, wanda ya rubuta mai kyau kuma ba zai tarar da cunkoson masu gasa ba. Sai dai yana da kyau a bar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a cikin rubutun shafi kawai, kada a sa su a adireshinsa, saboda idan aka kwafi irin wannan adireshi zuwa WhatsApp yakan rikiɗe ya zama dogon jerin lambobi da alamomi da ke sa mutane ɗari-ɗarin latsawa.

Matsayin kafafen sada zumunta

A nan ne aka fi samun ruɗani, domin da yawa suna zaton yawan mabiya da yawan masu nuna so a Facebook suna ɗaga shafi a Google kai tsaye. A watan Janairu na 2014 Matt Cutts, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen yaƙi da maguɗi a binciken Google, ya bayyana cewa kamfanin ba ya amfani da adadin mabiya ko na masu nuna so a matsayin ma'auni, daga cikin dalilan da ya kawo kuwa har da cewa ba kullum ake barin manhajar Google ta shiga waɗannan kafafe ba. Tarihi ya gaskata wannan damuwa, domin yarjejeniyar da Google ya ƙulla da Twitter a 2009 don nuna saƙonni nan take ta ƙare a watan Yuli na 2011, ba a sake ƙulla wata ba sai a 2015, kafar da Google ya gina da kansa kuma, wato Google+, wadda aka buɗe a 2011, an rufe ta a watan Afrilu na 2019. Bayan haka, galibin mahaɗan da ake sakawa a waɗannan kafafe suna ɗauke da alamar nofollow, saƙonnin WhatsApp kuwa a kulle suke tun daga 2016 yadda babu injin binciken da ke ganinsu. Gaskiya ne shafukan da ke sama a Google sukan zama waɗanda aka fi yaɗawa a kafafen, amma dalilin shi ne abu mai kyau yakan samu duka biyun, ba ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Sayen mabiyan bogi, bisa wannan, ba ya ƙara wa shafi komai.

Amfanin kafafen na gaskiya ya biyo ta bayan gida ne. Su ne dandalin da 'yan jarida da malamai da masu gidajen yanar gizo ke fara cin karo da abu, kuma waɗannan su ne masu iya ba da mahaɗin da ke da nauyi. Jadawalin farashin Dawanau da aka wallafa a Facebook ko X, wato Twitter ta da, ranar da aka tattara shi zai iya kaiwa ga ɗan jarida kafin yamma, washegari ya zama mahaɗi a shafin jarida. Haka nan wanda ya saba ganin sunan ƙungiyar a wayarsa zai riƙa neman ta da sunanta a Google, kuma idan ya yi hakan shafukanta na Facebook da YouTube za su fito tare da gidanta, su cika masa shafin farko da bayanin da ita ta rubuta. Saboda haka ya kamata suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, har da rajistar kasuwanci ta kyauta da ke sa shago ya bayyana a taswirar Google. Ya kamata kuma a saita hoto da kanun da za su bayyana idan aka yaɗa adireshin shafi, ta hanyar tsarin Open Graph da Facebook ya fito da shi a 2010, domin mahaɗin da ya zo da hoto da kanu bayyananne ya fi jan hannu a kan wanda ya zo tsirara.

Su kansu kafafen sun zama wurin bincike. A 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce binciken da suka yi ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na matasa idan suna neman wurin cin abinci TikTok ko Instagram suke buɗewa. YouTube, wanda Google ya saya a 2006, bidiyoyinsa suna fitowa a sakamakon bincike, kuma ga al'ummar da sauraro ya fi karatu sauƙi ga da yawa daga cikinta, bidiyo mai kanu da bayani da Hausa yakan kai inda rubutu bai kai ba.

Duk da haka kuskure ne a mayar da kafar sada zumunta ta zama gida. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga ranar 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, a ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'o'i shida. Wanda duk bayanansa ke can ya tsaya cik, wanda kuma yake da gidan kansa aka ci gaba da samunsa ta Google. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a ajiye cikakken bayani a gidan yanar gizo, a riƙa kai taƙaitaccensa kafafen tare da mahaɗin da zai dawo da mai karatu gida.

Aikin ɗalibi

Google ya tanadi wata manhaja ta kyauta mai suna Search Console, wadda ke nuna wa mai gida jerin gidajen da suka nuna shi, da shafukansa da aka fi nunawa, da kalmomin da aka ɗora mahaɗan a kansu, da kuma tambayoyin da ke kawo masa baƙi. Sakamakon aikin mahaɗai yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana, don haka duba rahoton sau ɗaya a wata ya wadatar. Ana buƙatar kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya da ya sani a garinsu, ya rubuta bayani guda da masu wannan sana'a ke da shi wanda wasu ke buƙata amma babu shi a intanet, sannan ya kawo sunayen gidajen yanar gizo biyar da ke da dalilin nuna wannan bayani, tare da faɗin dalilin kowanne, ya gabatar wa aji a zama na gaba.